Filin Tambaya da Amsa: Mai Ciwon Gaɓɓai da Aikin Lambu

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana ɗaya, wato ciwon gwiwa da na yatsu da na ƙugu, kuma ba abin mamaki ba ne, domin lokacin da sanyi ke shiga jiki shi ne lokacin da masu lambu ke dashen salak da albasa da tumatir. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Sana'ata aikin gona ce, saboda haka abin da ya shafi ƙasa da ruwa da kayan aiki zan faɗe shi kai tsaye, abin da kuwa ya shafi gano cuta da rubuta magani zan nuna ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin firamare ne, shekarata 67, ina zaune a Daura. Tun da na yi ritaya nake da ɗan lambu a bayan gida, fangali takwas, ina shuka alayyafo da salak da albasa da tattasai, ina ban ruwa da guga daga rijiyar gida. Shekara uku ke nan gwiwoyina suna ciwo, an yi mini hoto a asibiti an ce guringuntsin ya zaizaye. Yanzu idan na tsuguna cirar ciyawa sai an kama ni nake miƙewa. 'Ya'yana sun haɗa baki sun ce in bar lambun in huta, har babban ya ce zai riƙa aiko mini da kuɗin cefane. Ni kuwa ba don cefane nake yi ba. Shin in bi maganarsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi wa yaran albarka, domin tausayi ne ya sa suka yi wannan magana. Duk da haka ban goyi bayansu ba. Ku riƙe lambunku, ku rabu da tsugunno da jan guga, domin su ne suke cin gwiwar.

Guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da muke gani a kan ƙashin rago idan mahauci ya raba gaɓa, ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke sa ruwan ya shiga ya fita, kamar soson da ake matsawa ana saki. Wanda ya koma kan tabarma daga safe har yamma ya yanke wa guringuntsin abinci, sannan naman cinyarsa, wanda shi ne ke tallafe da gwiwa, zai saki cikin 'yan makonni, sai ciwon ya ƙaru, sai ya ƙara zama, haka abin zai yi ta juyawa har ya kasa zuwa masallacin ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke ɗauke da irin ciwonku, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa yake, kuma abu na farko da likitoci ke umartar waɗannan mutane da shi shi ne motsa jiki daidai ƙarfinsu. Amma motsi suna ya tara. A tafiya ta yau da kullum gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a tsugunno kuwa, musamman lokacin yunƙurin miƙewa, abin ya zarce haka nesa ba kusa ba, shi ya sa tafiya ba ta gagare ku ba amma tashi daga bakin fangali ya gagara.

Mun taso muna jin kirarin noma cewa na duƙe tsohon ciniki, har mutane suka ɗauka duƙen farilla ne. To, addini ma da ya fi noma girma ya yi wa wanda ba ya iya tsayuwa rangwamen ya yi salla a zaune. Idan ba za ku iya sauka wurin ƙasa ba, sai a ɗago ƙasar ta zo inda hannunku yake. Ku sa magini ya kewaye wuri da bulo mai inci tara, jeri uku, wanda zai ba da tsayin kusan santimita 70, daidai da wanda zai yi aiki a zaune bisa kujera. Idan kun fi son aiki a tsaye sai a yi jeri huɗu, kusan santimita 90. A bar 'yan kafofi a jerin ƙasa saboda ruwa ya sami mafita. Ba sai an cika shi duka da ƙasa mai kyau ba: a zuba ɓaraguzan gini ko burji a gindi, sannan santimita 30 zuwa 40 na sama su zama ƙasar jigawa da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu. Alayyafo da salak da albasa saiwarsu ba ta nisa, tattasai da tumatir ne suke son a ba su zurfin nan cikakke. Na fi son bulo ko tubali a kan katako, domin wanda ya san garar ƙasarmu ya san kwana nawa katako zai yi a wurin da ake zuba ruwa kullum.

Faɗin fangalin shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ni kaina na yi shi. Na taɓa gina wa wata gwaggona irin wannan fangali, na yi shi da faɗin mita biyu ina ganin na yi mata gwaninta, za ta sami wuri mai yawa. Bayan wata ɗaya na kai mata ziyara na tarar gefe-gefen tas, tsakiyar kuwa ciyawa ta rufe rama, ita kuma ta dafa bulon da hannu ɗaya ta miƙa ɗayan da muciya tana ƙoƙarin ture ciyawar, ƙugunta a karkace. Ba ta ce mini komai ba sai da na tambaya, sannan ta ce: «Ai ka gina wa mai dogon hannu ne.» Washegari aka rushe gefe ɗaya. Kada faɗin ya wuce santimita 120 idan ana iya zagaya shi ta kowane ɓangare, idan kuma a jikin katanga yake kada ya wuce 60. Tsakanin fangali da fangali a bar hanyar da ta kai mita ɗaya, a daddaɓe ta, domin sanda da baro su wuce ba tuntuɓe.

Idan kuɗin bulo ya yi yawa a lokaci guda, buhu ma yana yi, haka tsohon baho ko rabin duro da aka huda gindinsu. A ɗora su bisa tubali, a cika su a inda za su zauna, domin buhun da ya sha ƙasa da ruwa ba abin ɗagawa ba ne ko ga saurayi. Kujerar da za ku zauna kuma kada ta zama 'yar tsugunno, wadda ita da tsugunnon duk kanwar ja ce. Ku nemi wadda idan kun zauna ƙugunku zai yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tudu, mai hannu da za ku dafa ku tashi. Ku fuskanci aikin da ƙirjinku, idan ya koma gefe ku juya kujerar maimakon ku murɗa baya.

Ga abin da ya rage a ƙasa kuma, ku mutanen Daura ba ku buƙatar a koya muku. Hauyar tsaye, wadda wasu ke kira ashasha, mai doguwar ƙota da baki kamar jinjirin wata, da ita ake noman jigawa tun kaka da kakanni a ƙasashen arewacinmu har zuwa Maraɗi da Damagaram, ana tura ta ƙarƙashin fuskar ƙasa tana yanke saiwar ciyawa, mai ita yana tsaye ƙyam. Sungumi ma a tsaye ake shuka da shi. Ku je wurin maƙeri ya ƙera muku ƙaramarta wadda bakinta bai fi tafin hannu ba, yadda za ta shiga tsakanin layukan albasa, ƙotar ta kai muku ƙirji, kuma ta zama mara nauyi.

Sai ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, babu ragi. Idan gugarku tana cin lita 10 kuma lambun yana shan guga ashirin a yini, kilo 200 ke nan kuke jawowa daga rijiya, ku kuma ɗauka ku kai bakin fangali, a kan gwiwar da hoto ya nuna ta zaizaye. A nan ne kuɗin da babban ɗanku ya yi alkawari za su yi amfani: maimakon cefane, ya saya muku duro mai lita 200, a gina masa dakali mai ƙarfi da ya kai tsayin mita ɗaya, a sa masa famfo da tiyo. Jika ko almajirin gida ya cika shi da safe, ko a sa ƙaramin injin jan ruwa mai aiki da hasken rana idan da hali, ku kuma aikinku riƙe bakin tiyo. Akwai kuma tsohuwar dabara mai arha da nake so ƙwarai: a binne tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da siminti ko fenti ba, har zuwa wuya, a cika ta da ruwa, a rufe bakin da tsohon kwano saboda sauro, a dasa tattasai ko tumatir kewaye da ita cikin tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun yana zuwa wurin saiwa kai tsaye, sai bayan 'yan kwanaki a ƙara. Ku sani dai fangalin da aka ɗaga ya fi na ƙasa saurin bushewa, musamman daga Maris zuwa Mayu, saboda haka a lulluɓe fuskarsa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba. Hakan yana riƙe laima, yana kuma hana sabuwar ciyawa fitowa, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Fangali takwas ku mai da su huɗu ko biyar. Kada ku wuce minti 20 a kan aiki iri ɗaya ba ku sauya ba, kuma akwai ma'aunin da masu gashin ƙashi ke bayarwa wanda ba ya buƙatar na'ura: idan ciwon da aiki ya tayar ya wuce awa biyu bai lafa ba, ko kuka wayi gari gwiwar ta kumbura, to aikin jiya ya yi yawa, sai a rage na gobe. Idan kuna riƙe sanda, ku riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar da ta fi ciwo, ba a ɓangarenta ba kamar yadda wasu ke yi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce mai shekara 44 a unguwar Ƙofar Sauri, Katsina. Ina da buhuna goma sha biyu a tsakar gida da nake shuka rama da yakuwa da na'ana'a, ga zogale guda uku. Kusan wata biyar ke nan yatsun hannuwana biyu da wuyan hannu suke kumbura, da safe ba na iya dunƙule hannu sai hantsi ya dubi ludayi, ko murfin jarka ba na iya buɗewa, balle tsinkar zogale ko tuƙa tuwo. Ina sayen haɗin magani a kemis, idan na sha sai in ji garau, idan na bari ya dawo. Wasu sun ce taɓa ruwan sanyi da ƙasa ne ya jawo mini. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Kafin maganar buhuna akwai wadda ta fi ta gaggawa. Abin da kika siffanta bai yi kama da na Baban da ya gabace ki ba. Nasa zaizayewa ce da ke zuwa da shekaru da aiki, sandarewar safiyarsa ba ta cika wuce rabin awa ba. Kumburin ƙananan gaɓɓai a hannu biyu lokaci guda, da sandarewar da ke kai awa ɗaya ko fiye, har tsawon watanni, alamu ne da likitoci ke zargin amosanin gaɓɓai mai suna rumatoyid da su, wanda garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar shimfiɗar cikin gaɓa. A 2019 mutane kimanin miliyan 18 ne ke da shi a duniya, kashi 70 cikin 100 mata ne. Ruwan sanyi da ƙasa ba su ke kawo shi ba, iyaka sanyi yana sa jiki ya ɗaure a fi jin ciwon. Likita ne zai tabbatar ta hanyar duba hannun da gwajin jini, kuma ina roƙon ki da maigidanki kada a jinkirta zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani babban asibiti, domin wannan cuta a watanninta na farko ake cin ƙarfinta. Akwai magungunan da ke dakatar da ɓarnar, irin su metotireksat da ake sha sau ɗaya a mako ƙarƙashin kulawar likita, wanda mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha. Yatsan da ya riga ya karkace kuwa magani ba ya miƙar da shi.

Haɗin da kike sha shi ya fi tayar mini da hankali. Irin wannan ƙulli da ake bayarwa ba suna ba takarda yakan ƙunshi masu kashe raɗaɗi irin su diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci biyun tare, waɗanda yawan shan su ke jawo gyambon ciki da hawan jini da lalacewar ƙoda, yakan kuma ƙunshi deksametason ko firednisolon, masu sa mutum ya ji garau nan take, amma idan aka daɗe a kansu su kumbura fuska, su tayar da sukari, su rarake ƙashi. Idan kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, domin wannan rukuni na biyu a hankali ake janye shi. Ki ɗauki ƙullin yadda yake ki kai wa likita ya gani da idonsa.

Game da lambun, mai ciwon yatsu abokin gabarsa shi ne matsi da 'yan yatsu da kuma murɗawa. Ƙa'idar ita ce a ɗora aiki bisa babbar gaɓa a sauwaƙe wa ƙarama: abin da kike ɗauka da yatsu ki rungume shi da hannu biyu a jikinki, ko ki rataya shi a damtse. Ki daina ɗaukar bokiti ta siririn mariƙinsa na waya, wanda ke shiga cikin gaɓɓan yatsu kamar wuƙa. A zura wa mariƙin guntun tiyo ya yi kauri, kuma a cika shi rabi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ba taki ba ce yanzu. Buta mai lita biyu, a tallafe ta da tafin hannu biyu, ta ishi buhu ɗaya a zuwa ɗaya. Ƙotar 'yar fartanyarki da wuƙarki a naɗe su da tsumma sannan a bi da robar tsohon tif na keke, har kaurin ya kai yadda idan kin riƙe, babban yatsa da manuni za su taɓa juna da ƙyar. Ƙota mai kauri ba ta buƙatar a damƙe ta da ƙarfi, wuƙa mai kaifi kuma ba ta buƙatar a danna, saboda haka a riƙa wasa ta.

Zogalen a sare kansa daidai ƙirjinki. Ba ya mutuwa, sai ma ya yi rassa da yawa a ƙasa-ƙasa inda hannu zai kai ba tare da ɗaga kafaɗa ba. Maimakon tsinkar ganye ɗaya-ɗaya, ki yanko reshen gaba ɗaya, a shanya a inuwa bisa tabarma mai tsabta, idan ya bushe karkaɗawa kawai za a yi ganyen ya zube. Wanda za a dafa ɗanye kuma yara su tsinke, ai hira ce a wurinsu. Ƙananan iri irin na alayyafo da ke wahalar tsinta a cakuɗa su da busasshen yashi a cikin gwangwanin da aka huda murfinsa, a barbaɗa kamar gishiri. Ciyawa kuma a cire ta bayan ban ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushi.

A wannan hunturu kada ki fita wurin buhunan da sanyin asuba. Ki jiƙa hannuwanki a ruwan ɗumi minti goma zuwa sha biyar, kina buɗe yatsun kina rufewa a hankali a cikin ruwan, ki bari rana ta ɗaga tukuna. Ki sa safar hannu, domin tana riƙe ɗumi, tana kuma kare ki daga yanka, wanda ke da muhimmanci idan an ɗora ki a kan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. Ranar da gaɓa ta yi zafi ta kumbura sosai, ɗumi ba nata ba ne, a ɗora mata tsumma mai sanyi, a bar ta ta huta; rama da yakuwa ba za su mutu don an bar wa yara ban ruwa na kwana biyu ba.

TAMBAYA: Malam, mahaifiyata ce ke da ciwon gwiwa, mu kuma muna shuka kayan miya a gida a Daura. An ce mana kuɓewa tana ƙara ruwan gwiwa, zogale yana warkar da ciwon baki ɗaya, tumatir da gauta da tattasai kuma suna tayar da shi. Me za mu shuka, me za mu tuge?

AMSA: 'Yata, kada ku tuge komai. Yauƙin kuɓewa a ciki yake narkewa kamar sauran abinci, ba ya gangarawa gwiwa, ruwan gaɓa kuwa shimfiɗar cikin gaɓar ce ke samar da shi. Zogale ganye ne mai amfani ƙwarai, Inna ta ci kwaɗonsa ta more, amma babu ganyen da ke mayar da guringuntsin da ya zaizaye, kuma duk mai tallar da ya ce nasa yana yi, kuɗinku yake so. Tumatir da danginsa ba su ke kawo ciwon gaɓɓai ba. Idan ita da kanta ta lura wani abinci yana dama mata jiki, ta bar shi mako biyu ko uku ta gani, wannan ba laifi. Inda kayan lambu ke taimakon gwiwa da gaske shi ne wajen rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da mai nauyin jiki ya sauke yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. A yawaita ganye a kwano, a rage tuwo da mai da lemon kwalba. Nau'in ciwon gaɓɓai da abinci ke tayarwa a fili shi ne gawut, mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare da zafi kamar wuta, shi kuma kayan ciki irin su hanta da ƙoda da yawan jan nama da abin sha mai zaƙi ne abokan gabarsa.

TAMBAYA: Malam, duk shawarwarin da ake bayarwa na masu lambun sha'awa ne. Ni noman rani nake yi a kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa, da shi nake ci da iyali, shekarata 52. Ƙuguna da gwiwar dama sun matsa mini, musamman bayan feshi da ranar ɗibar tumatir. Ba zan iya gina fangali da bulo a gona ba, ba zan kuma iya ragewa ba. Ina mafita?

AMSA: Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma na karɓi ƙorafin. Gona ba ta ɗaguwa, amma aikin cikinta yana rabuwa. Ka zauna ka lissafa ayyukan da ke kwantar da kai washegari, za ka ga ba su wuce uku ba: goyon tankin feshi, ɗaga kwando, da daɗewa a duƙe wajen dashe ko ɗiba. Waɗannan su ne za ka sayar, wato ka biya a yi maka ko ka ba yaranka da suka tasa, kai kuma ka riƙe waɗanda ke buƙatar ido da sani fiye da ƙarfi: renon iri, juya ruwa daga fangali zuwa fangali da dogon abin aiki, auna taki, gane cuta tun tana ganye ɗaya, da ciniki. Kuɗin ɗan ƙwadago na yini biyu bai kai asarar mako guda a kwance a tsakiyar ɗiba ba, balle kuɗin asibiti.

Tankin feshi mai lita 16 ko 20 idan ya cika ya kai kilo 20 ko ya haura, a bayanka, a kan ƙasa mai santsi, hannu ɗaya kuma yana ta bugun famfo. Idan dole kai za ka yi, ka cika shi rabi, ka ɗora shi bisa duro ko bakin baro ka juya baya ka saɓa, maimakon ka sunkuya ka fizgo shi daga ƙasa. Mai aiki da batir yana hutar da kafaɗa idan aljihu ya yarda. Wajen ɗiba a yi amfani da ƙananan kwanduna a cikin gona, a juye a babba a bakin hanya inda mota ko kura za ta tsaya, kuma duk abin da zai iya tafiya a baro kada ya hau kai. Idan za ka ɗaga kaya ka matso da shi jikinka, ka juya da ƙafafu ba da ƙugu ba. Tumatirin da aka kafa wa sanda aka ɗaure shi ya fi sauƙin ɗiba, 'ya'yansa kuma ba su kwanta cikin ruwa su ruɓe, saboda haka wahalar kafa sandunan tana biyan kanta. Ka kuma rarraba dashe da tazarar mako biyu-biyu don kada gonar ta nuna maka rana ɗaya.

Idan bazara ta shigo ka yi aikin ƙarfi da sassafe da bayan la'asar, ka yawaita shan ruwa, domin haɗuwar zafin rana da ƙishirwa da ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin waɗanda na ambata a sama tana bugun ƙoda, kuma na san yadda ake haɗiyarsu a bakin gona kamar gyaɗa. Maganin raɗaɗi na shafawa a gwiwa ya fi na haɗiya ƙarancin illa, taramol kuwa kada ka kusance shi da sunan ƙarin ƙarfin aiki. Ka nemi a tura ka sashen gashin ƙashi su koya maka atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu, wanda minti goma ne safe da yamma a kan tabarma. Idan abin ya kai ga ƙwararrun ƙashi, akwai su a Katsina, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kada ka bari a yi wa kumburarriyar gwiwa tsaga ko sakiya, musamman kai da ke yini cikin ruwan fadama, domin ƙwayar cuta idan ta shiga cikin gaɓa tana iya cinye ta cikin kwanaki. Ranar da ka ga gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi har ba ka iya taka ƙafar, ko ciwon ƙugu ya sauko da mutuwar ƙafa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a ranar za a kai ka asibiti, ko da tumatirin yana kan kwando.